Shimfiɗa wayar talabijin da intanet lokacin gyaran gida a Bantama

A Bantama da sauran unguwannin Kumasi, gidajen haya da yawa cike suke da wayoyi a rataye jikin bango. Lokacin binne su shi ne kafin magini ya yi filasta. Bayan fenti kuwa sai an sake fasa bango, an biya sau biyu ke nan.

Ana sassaƙa bango a saka bututun roba, na lantarki daban, na talabijin da intanet daban, domin wayar wuta tana iya dagula sigina. Wayar eriya da satalayit ita ce RG6. Ta intanet Cat6 ce, kuma kada tsawonta ya wuce mita 100. Duka su haɗu a wuri guda, inda na'urar intanet za ta zauna. Farantan DStv da MultiTV gabas suke fuskanta, don haka a duba benen maƙwabci ko bishiya tun kafin a ja waya.

Dokar 2011 ta wajabta ɗaukar mai aikin lantarki da ke da lasisin Hukumar Makamashi ta Gana. Masu kawo kaya daga Togo su lura: soket ɗin Gana mai baki uku ne, irin na Ingila.