Bawa Biyu a Gidan Sarautar Gobir

A Tsibirin Gobir, cikin gundumar Gidan Rumji, in ka ce "Bawa" za a cika maka da "Jangwarzo" tun ba ka rufe baki ba. Amma Jangwarzo bai taɓa sarauta a Tsibiri ba, don ya rasu tun ba a kafa garin ba. Bawan da ya zauna gadon Tsibiri wani ne daban, Bawa ɗan Gwamki, wanda sunan takwaransa ya yi wa inuwa.

Bawa Jangwarzo ɗan Sarki Babari ne, wanda ya ci Birnin Zamfara ya kafa Alƙalawa. Ya hau gado a shekarun 1770, lokacin da Gobir ke kan ganiyarta, ya gwabza da Katsinawa har ta nan ƙasar Maraɗi. Wajen 1788 ya tara malamai a Magami don Babbar Sallah, ya raba musu kyauta. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya ƙi karɓar zinariyar da aka miƙa masa, ya roƙi abu biyar a madadinta: a bar shi ya yi wa'azi, kada a hana kowa amsa kiransa, a girmama masu rawani, a saki 'yan sarƙa, a sassauta wa talakawa haraji. Bawa ya amince da duka. Wannan dattako shi ne abin da Gobirawa da Sakkwatawa suka haɗu a kan yaba masa.

Bayansa aka yi Yakubu da Nafata da Yunfa, zama ya ɓaci tsakanin fada da jama'ar Shehu. A 1808 Alƙalawa ta faɗi, Yunfa ya mutu a cikinta. Gobirawa suka yi ta ƙaura suna naɗa sarakuna a gudun hijira, cikinsu har da Gwamki. A 1836 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya karya rundunar taron dangi a Gawakuke, inda Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsinan Maraɗi Rauda suka kwanta dama. Daga wannan baƙin ciki Sarkin Gobir Mayaƙi ya tattara waɗanda suka tsira ya kafa Tsibiri a bakin gulbi, dab da Maraɗi, da goyon bayan sabon Sarkin Katsinan Maraɗi, Ɗan Mari.

Wannan gado Bawa ɗan Gwamki ya hau wajen 1858. Takwaransa ya gaji daula, shi kuwa ya gaji birnin 'yan gudun hijira, ga abokan gaba a kudu da yamma, ga ɓaraka a cikin gida. A zamaninsa wani ɗan gidan sarautar, Ɗan Halima, ya ɓalle, ya shirya da Sakkwato, ya kafa Sabon Birni. Bawa bai sunkuya ba. Ya riƙe ƙawance da Ɗan Baskore na Maraɗi, suka yi ta kai hari ƙasashen daular Sakkwato, ya kuwa riƙe Tsibiri shekara ashirin da 'yan kai ba ta yi mubaya'a ba.

Da Faransa da Ingila suka shata iyaka, kufan Alƙalawa da Sabon Birni suka faɗa Najeriya, Tsibiri ta zauna a Nijar da sarautarta. Jangwarzo ya bar wa Gobirawa sunan da suke tinƙaho da shi, kuma ya cancanta. Sai dai yaron Tsibiri da ke kallon hawan Sallah a ƙofar fada ya kamata a gaya masa akwai Bawa na biyu, wanda ya tsare wannan sarauta a lokacin da ta fi kusa da shuɗewa.