Ranar 10 ga Disamba a Tarihi: Haƙƙin Ɗan'adam, Kyautar Nobel da Sauran Muhimman Abubuwa

Ranar 10 ga watan Disamba ita ce rana ta 344 a kalandar Miladiyya, ko ta 345 a shekarar da watan Fabrairu ke da kwana 29. Daga ita, saura kwana 21 shekara ta ƙare. Tana faɗowa ne a farkon hunturu, lokacin da sanyi ke kankama a ƙasashen arewacin duniya. Abubuwa biyu suka fi sa aka san ta: Ranar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Duniya da kuma bikin miƙa kyautar Nobel.

Ranar Kare Haƙƙin Ɗan'adam

A ranar 10 ga Disamban 1948, Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya da ya zauna a birnin Paris ya amince da Muhimmin Jawabin Haƙƙin Ɗan'adam, shekara uku bayan ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu. Daga cikin ƙasashe 58 da ke Majalisar a lokacin, 48 sun goyi baya, babu wadda ta ƙi, takwas sun ƙaurace wa ƙuri'ar, biyu kuma ba su kaɗa ba. Cikin waɗanda suka ƙaurace akwai Tarayyar Sobiyat da ƙawayenta na Gabashin Turai, da Saudiyya, da Afirka ta Kudu, wadda a shekarar ne jam'iyyar da ta kafa mulkin wariyar launin fata ta hau mulki.

Ƙasashen Afirka huɗu ne kawai ke da kujera a zauren: Masar, Habasha, Laberiya da Afirka ta Kudu. Sauran nahiyar, har da Najeriya, na ƙarƙashin mulkin mallaka.

Eleanor Roosevelt ta Amurka ce ta shugabanci hukumar da ta tsara daftarin, tare da masana irin su René Cassin na Faransa, Charles Malik na Labanan da Peng Chun Chang na Sin. Hansa Mehta ta Indiya ce ta dage har aka gyara lafazin sashe na farko domin ya haɗa maza da mata. Jawabin na da sassa 30, waɗanda suka ƙunshi haƙƙin rayuwa, haramta bauta da azabtarwa, shari'a bisa adalci, 'yancin addini da faɗin albarkacin baki, da haƙƙin ilimi da aiki.

Jawabin ba yarjejeniya ce da ke tilasta wa ƙasashe ba. An ba ƙa'idojinsa ƙarfin doka ne ta hanyar yarjejeniyoyi biyu na 1966, waɗanda suka fara aiki a 1976. A 1950 Majalisar ta ayyana ranar a matsayin ta tunawa duk shekara, kuma a ranar 10 ga Disamban 1984 ta amince da Yarjejeniyar Haramta Azabtarwa. An fassara jawabin zuwa harsuna sama da 500, ciki har da Hausa.

Ranar Nobel

Alfred Nobel, masanin kimiyya ɗan ƙasar Suwidin wanda ya ƙirƙiro nakiyar fasa duwatsu, ya rasu a garin San Remo na Italiya ranar 10 ga Disamban 1896. Ya bar wasiyya cewa a yi amfani da mafi yawan dukiyarsa wajen karrama waɗanda suka fi amfanar bil'adama. An fara ba da kyautar a 1901. Ana miƙa ta zaman lafiya a birnin Oslo na Norwe, sauran kuma a Stockholm.

Afirka na da tarihi mai tsawo da wannan biki. A 1961 Albert Luthuli, shugaban jam'iyyar ANC, ya karɓi kyautar zaman lafiya ta shekarar 1960, ya zama ɗan Afirka na farko da ya same ta. Martin Luther King, jagoran gwagwarmayar baƙaƙen fatar Amurka, ya karɓi tasa a 1964 yana da shekara 35. A 1986 Farfesa Wole Soyinka na Najeriya ya zama baƙar fata na farko da ya lashe kyautar adabi, kuma ya sadaukar da laccarsa ga Nelson Mandela, wanda ke kurkuku a lokacin. Bayan shekara bakwai, Mandela da kansa ya karɓi ta zaman lafiya tare da F.W. de Klerk. A 2004 Wangari Maathai ta Kenya ta zama 'yar Afirka ta farko da ta samu kyautar zaman lafiya.

Kudancin Afirka

A ranar 10 ga Disamban 1959, 'yan sanda suka buɗe wuta kan mazauna tsohuwar unguwar baƙaƙen fata a birnin Windhoek, waɗanda suka ƙi yarda a tashe su zuwa Katutura. An kashe fiye da mutum goma, ciki har da wata mace mai suna Anna Mungunda, wadda a yau ke cikin gwarazan ƙasar Namibiya. Saboda haka ranar hutu ce a ƙasar, ana tunawa da haƙƙin ɗan'adam da kuma rawar da mata suka taka a neman 'yanci.

A Afirka ta Kudu, wadda ta ƙaurace wa ƙuri'ar 1948, Shugaba Mandela ya rattaba hannu kan sabon kundin tsarin mulki ranar 10 ga Disamban 1996. An yi bikin ne a Sharpeville, garin da 'yan sanda suka kashe masu zanga-zanga 69 a ranar 21 ga Maris ɗin 1960. A ranar 10 ga Disamban 2013 kuma shugabannin duniya suka taru a filin wasa na FNB da ke Johannesburg domin juyayin rasuwarsa.

Wasu abubuwan da suka faru

1869: Yankin Wyoming na Amurka ya ba mata 'yancin kaɗa ƙuri'a, shekara 51 kafin a ba su a faɗin ƙasar.

1898: Sifaniya da Amurka sun sa hannu kan yarjejeniyar Paris. Sifaniya ta janye daga Kuba, ta miƙa wa Amurka Puerto Rico da Guam, da kuma Filifin a kan dala miliyan 20, ba tare da an nemi ra'ayin mazauna tsibiran ba.

1932: Sarki Prajadhipok na Siyam, wato Tailan ta yanzu, ya amince da kundin tsarin mulki na dindindin. Har yau ranar hutu ce a ƙasar.

1936: Sarki Edward na Takwas na Birtaniya ya sa hannu kan takardar murabus domin ya auri Ba'amurkiya Wallis Simpson.

1963: Zanzibar ta samu 'yanci daga Birtaniya. Wata guda bayan nan aka hamɓarar da sarkinta, kuma a Afrilun 1964 ta haɗe da Tanganyika, ƙasar da aka sa wa suna Tanzaniya.

1983: An rantsar da Raúl Alfonsín a matsayin zaɓaɓɓen shugaban Ajantina, abin da ya kawo ƙarshen mulkin sojan da aka fara a 1976, wanda dubban mutane suka ɓace a ƙarƙashinsa.

2006: Janar Augusto Pinochet, wanda ya mulki Chile daga 1973 zuwa 1990, ya mutu yana fuskantar tuhume-tuhumen take haƙƙi, ba tare da an yanke masa hukunci ba.

Ranar a Najeriya

Najeriya ta shiga Majalisar Ɗinkin Duniya ranar 7 ga Oktoban 1960 a matsayin ƙasa ta 99. Kundin tsarin mulkinta na 'yancin kai ya ƙunshi babin haƙƙoƙin ɗan ƙasa, bisa shawarar Hukumar Willink, wadda ta binciki fargabar ƙananan ƙabilu a 1958. A kundin 1999, haƙƙoƙin na cikin Babi na Huɗu, kuma sashe na 46 ya ba duk wanda aka take masa haƙƙi damar kai ƙara Babbar Kotu. An kafa Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa a 1995, sannan aka kafa dokar haramta azabtarwa a 2017.

Ranar ba ta hutu ba ce a Najeriya. Hukumar da ƙungiyoyin farar hula kan yi tarurruka da gangamin wayar da kai, inda akan tayar da batutuwa irin su tsare mutane ba tare da shari'a ba, cunkoson gidajen gyaran hali, garkuwa da mutane da yawan yaran da ba sa zuwa makaranta. A ranar ce kuma ake rufe gangamin kwana 16 na yaƙi da cin zarafin mata, wanda ake farawa ranar 25 ga Nuwamba.