Wurin ƙyanƙyasar kawa: yadda ake gina shi da amfaninsa ga masuntan gaɓar teku

Kawa halitta ce ta ruwan gishiri mai ɓawo biyu, dangin makankarin da ake samu a kogunanmu. A yankin Neja Delta tana manne ne a saiwoyin itatuwan mangurof, waɗanda ke tsiro inda kogi ya haɗu da teku, kuma mata ne suka fi ɗebo ta idan ruwa ya janye. Yawan ɗiba, da sare itatuwa, da malalar ɗanyen mai irin wadda rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ya bayyana a ƙasar Ogoni a 2011, duk sun rage ta. Mai son kiwonta kuwa sai ya rataya tsofaffin ɓawo a ruwa ya jira 'ya'ya su manne, abin da bana zai yiwu, baɗi ya ƙi. Wannan rashin tabbas ne wurin ƙyanƙyasa yake magancewa, kamar yadda masu ƙyanƙyasar tarwaɗa suka wadata gonakin kifi da iri.

Abu na farko da ake dubawa shi ne ruwa, tun kafin a aza tubali. Dole ya kasance nesa da dattin gari da na masana'antu, kuma gishirinsa kada ya ragu ƙwarai da damina. Ana zuƙo shi, a bar laka ta kwanta, a tace shi sau da dama, sannan a kashe ƙwayoyin cuta da wani haske na musamman. Darasin jihar Oregon ta Amurka ya isa misali: a tsakanin 2007 da 2008 'ya'yan kawa sun yi ta mutuwa a tankuna, daga baya aka gano tsamin ruwan teku ne ya hana su yin ɓawo.

Ana zaɓen manyan kawa a ciyar da su har su nuna, sai a sauya ɗumin ruwan, su saki ƙwai da maniyyi. Mace guda tana zuba miliyoyin ƙwai. Cikin kwana ɗaya ɗan ya yi ɓawonsa na farko, ya yi ta iyo na mako biyu zuwa uku, ana sauya masa ruwa kusan kowane kwana biyu. Daga nan sai ya nemi wuri mai tauri ya manne, ba zai sake motsawa ba. A wannan matakin ake zuba masa niƙaƙƙen ɓawo, idan ya ɗan tasa a sayar wa masu kiwo.

Sai dai aikin da ya fi cin kuɗi da ƙwarewa shi ne noman abincinsu, wato gansakuka mai ƙwaya guda da ido ba ya gani. Tana buƙatar haske da iska ba yankewa, saboda haka wanda bai tanadi lantarkin kansa ba gara ya haƙura da ginin. Da zarar an kai kawa rafi kuwa, ita ke tace abincinta daga ruwa, mai kiwo ba ya sayen ko buhu ɗaya.

Cibiyar binciken teku ta Najeriya, NIOMR, wadda aka kafa a Legas a 1975, tana da tashar ruwan gishiri a Buguma ta jihar Ribas, inda aka yi gwaje-gwajen kiwon kawa. A Gambiya kuma ƙungiyar mata ta TRY ta samu izinin kula da kawar dausayin Tanbi a 2012, tana rufe ɗiba na wasu watanni kowace shekara domin ta hayayyafa.