Furotin kinas

furotin kinas, suna, namiji. Sinadari ne a cikin ƙwayar halitta mai ɗauko fosfet daga ATP ya maƙala wa wani furotin. Da zarar fosfet ya maƙale, furotin ɗin yakan sauya siffa, ya kama aiki ko ya daina. Wani sinadari mai suna fosfatas ne ke ɓamɓare fosfet ɗin daga baya. Kinas na farko kan ta da na biyu, na biyu ya ta da na uku, har saƙon da ya taɓa fatar ƙwayar ya kai cibiyarta, sai ƙwayar ta girma, ta rabu biyu ko ta mutu. Jikin ɗan Adam na da nau'in kinas fiye da 500. Ta wannan hanya insulin ke sa tsoka ta zuƙi sukari daga jini. Tsiro ma haka: in ruwan sama ya ɗauke a gonakin gero na Babura ko Roni, kinas ne ke sa ƙofofin ganye su rufe don kada danshi ya tsere. Kinas da ya ƙi tsayawa kan jawo sankara. Maganin imatinib yana toshe irinsa a wata sankarar jini. Edmond Fischer da Edwin Krebs sun sami kyautar Nobel a 1992 saboda gano wannan tsari na maƙala wa furotin fosfet da ɓamɓare shi.