Daga Zauren Dagaci Zuwa Ajin Jami'a: Tarihin Sulhu a Hanyar Gwarzo

Hanyar Gwarzo, idan ta bar Kabuga ta nufi yamma, takan bi ta ƙofar sabon mazaunin Jami'ar Bayero, ta wuce Janguza, sannan ta faɗa gonakin Rimin Gado. A mota tafiyar ba ta kai awa guda ba. A farkon hanyar ɗalibai ne a aji ana koya musu darasin zaman lafiya da warware rikici, su yi jarrabawa a ba su maki. Can gaba kuwa, a Gulu ko Jili ko Butu-Butu, masu unguwanni da dagatai da limamai ne ke yin aikin da kansu, kamar yadda iyayensu suka yi tun kafin a aza tubalin kowace jami'a a ƙasar nan.

Ƙidayar 2006 ta samu mutum 104,790 a ƙaramar hukumar Rimin Gado, a kan ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita 225. Wato kowane murabba'in kilomita yana ɗauke da mutum sama da 460, kuma yawancinsu da fartanya suke ci. Wannan cunkoson ba sabon abu ba ne a kewayen Kano. Masanin ƙasa Michael Mortimore ya shafe shekaru yana nazarin yadda manoman yankin ke noma gona ɗaya kowace damina ba hutu, da ƙarfin taki. Polly Hill ma ta yi bincike a Dorayi, ta fitar da littafinta a 1977, inda ta nuna yadda rabon gado ke tsinka gona ƙanana-ƙanana har ta kasa ciyar da gida. A irin wannan wuri kunya ɗaya ma dukiya ce. Saboda haka rigingimun da suka fi yawa sanannu ne: iyakar gona, rabon gado, jinginar da ta daɗe har aka manta asalinta, ɓarnar dabbobi, sai kuma aure.

Rigimar iyaka takan tashi ne da saukar ruwan shuka. Mutum ya fito da sassafe ya tarar maƙwabcinsa ya ci masa kunya biyu. Ba kotu zai nufa ba, ƙofar gidan mai unguwa zai je, ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, an shigar mini gona." Mai unguwa ba zai yanke komai a zaure ba. Zai aika a kira ɗayan, a kira dattawan da suka san gonar tun tana hannun kakanni, da maƙwabtan gabas da yamma, a ɗunguma a tafi. A can za a bi layin gamba ko na lalle da aka dasa don shaida, a duba kututturen tsohuwar ɗorawa ko kuka, a tona inda ake zaton an tumɓuke saiwa. Wani tsoho zai tuna shekarar da aka yi rabon da wanda ya riƙe igiya. In gaskiya ta fito, ba a barin wanda ya ci iyaka ya koma gida da kunya a idon jama'a. Sai a ce kuskure ne na yaran da suka yi huɗa, a mayar da iyaka inda take, a yi musafaha, liman ya shafa fatiha. Mutanen nan biyu gobe a sahu ɗaya za su yi sallah, wataƙila ma 'ya'yansu suna auren juna, kuma duk wanda ke wurin ya san haka.

Idan abin ya fi ƙarfin mai unguwa sai a hau wurin dagaci, daga nan wurin hakimi, sannan alƙali ko fadar sarki. Ɓarnar shanu kuwa ba a yin ta sai da ardo, a ƙiyasta abin da aka cinye da dami ko da kwano, makiyayi ya biya. Akwai abin da ke sa a sassauta: shanun da suka yi ɓarna da damina su ne za su kwana a gonar da rani su bar taki.

Wannan tsari ba da ka kawai ya zo ba, yana da littattafai a bayansa. A zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, Shehu Magili ya zo Kano ya rubuta wa sarki wasiƙa kan abin da ya wajaba a kan masu mulki, har da sauraron ƙarar talakawa. Bayan jihadi ya kankama, Abdullahi ɗan Fodiyo ya sauka a Kano da niyyar wucewa gabas, mutanen gari suka roƙe shi ya rubuta musu yadda ake hukunci, ya rubuta Liya'ul Hukkam. Alƙalan ƙasar Hausa kuma sun tashi da Risala da Muhtasar da Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim, mutumin Andalus, kuma babin sulhu yana cikin abin da suka haddace. Malamai sun ɗauko daga Suratun Nisa'i cewa idan miji da mata suka saɓa, a naɗa mai sasanci ɗaya daga danginsa, ɗaya daga nata. Har gobe haka ake yi idan mace ta yi yaji: waliyyai ne ke zama kafin a je biko.

Ban da littafi akwai wasa. Taubasai da abokan wasan ƙabila, Bakano da Bazazzagi, Bafulatani da Babarbare, suna iya gaya wa juna maganar da ba ta faɗuwa a bakin wani, a yi dariya a wuce. A 2014 hukumar UNESCO ta sanya wannan al'ada ta Jamhuriyar Nijar cikin gadon ɗan Adam da ya kamata a adana.

Turawa sun ci Kano a 1903, kuma ba su rushe kotunan alƙalai ba, sai dai sun sa musu linzami. Babban canjin da ya taɓa ƙauyuka shi ne fitar da hakimai daga birni. A da hakimi yana zaune kusa da fada, jakadu ne ke kai-komo tsakaninsa da garuruwansa. A zamanin Razdan Cargill, wajen 1907 zuwa 1908, aka harhaɗa garuruwa gunduma-gunduma aka ce kowane hakimi ya koma ƙasarsa ya zauna. Tun daga nan talaka ya samu matakalar da aka sani yau. Majalisar shari'a ta Sarki Abbas kuma ta riƙa rubuta ƙararrakin da ta saurara da Larabci, na filaye da na bayi da na kisa. Waɗannan takardu ne Allan Christelow ya fassara wasu daga cikin na 1913 da 1914 ya buga a 1994. Albarkacin wani magatakarda da ya zauna da tawada da alƙalami, yau ana iya sanin wanda ya kai ƙarar wa a Kano sama da shekara ɗari da suka wuce da yadda aka raba su.

Karatun shari'a a aji ya fara ne da Makarantar Shari'a ta Kano da aka buɗe a 1934 don horar da alƙalai, wadda ta koma Makarantar Nazarin Larabci a 1947. Daga harabarta aka haifi kwalejin da ta ɗauki sunan Abdullahi Bayero a 1962, ta zama cikakkiyar jami'a a 1977. Ana gab da samun 'yanci Cibiyar Koyon Mulki ta Zariya ta shiga horar da alƙalai kan sabuwar dokar laifuffuka ta Arewa. Sai dai duk wannan karatun hukunci ne, na gano mai gaskiya da marar gaskiya. Sulhu an bar shi a zaure.

Zauren ma ba a bar masa ƙarfinsa ba. 'Yan NEPU, ƙarƙashin Malam Aminu Kano, sun sha ɗauri da bulala a kotunan En'e, kuma kukansu a kan zaluncin da ake yi da sunan sarauta gaskiya ne. Tsakanin 1967 da 1968 gwamnatin soja ta soke kotunan sarakuna, ta mayar da na alƙalai hannun jiha. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya karɓe mulki daga hannun En'e, dokar filaye ta 1978 kuma ta ɗora ikon ƙasar karkara a kan ƙaramar hukuma. A takarda dagaci ya tashi ba shi da kotu, ba shi da kurkuku. Amma mutane ba su daina zuwa ƙofarsa ba, domin ba a biyan kuɗin lauya, ba a ɗage zama wata uku, kuma da Hausa ake magana.

Shigar sulhu jami'a ta wata ƙofa ce daban. A Turai aka fara: Johan Galtung ya kafa cibiyar binciken zaman lafiya a Oslo a 1959, Jami'ar Bradford ta Ingila ta buɗe sashenta a 1973. A Najeriya jini ne ya buɗe ƙofar, kuma Kano ta ba da kaso mai yawa: rikicin Mayun 1953, na 1966, na Maitatsine a Disamban 1980 da ya ci rai sama da 4,000, da na 1991. Isaac Olawale Albert, wanda ya jagoranci kafa karatun zaman lafiya da rikici a Jami'ar Ibadan a 2000, a kan Kano ya yi sunansa, da nazarin rikicin Hausawa da Ibo daga 1953 zuwa 1991. A shekarar 2000 ɗin ce gwamnatin tarayya ta kafa cibiyar zaman lafiya da warware rikici a Abuja, Jami'ar Bayero kuma ta buɗe cibiyar nazarin dimokuraɗiyya a gidan Malam Aminu Kano da ke Gwammaja, wato Gidan Mambayya. Jami'ar Jos ta kafa tata bayan rikicin 2001. Daga baya hukumar kula da jami'o'i ta sanya darasin cikin darussan bai-ɗaya, mai karanta likita da mai karanta noma duk sai sun bi ta kansa.

Gwamnatin jiha ma ta waiwayo. Hukumar Hisba da aka yi wa doka a 2003 yawancin aikinta na yau da kullum sasanta ma'aurata ne da masu bashi. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta kafa Zauren Sulhu a unguwanni, a 2009 kuma aka buɗe kotun sasanci a ƙarƙashin babbar kotun Kano, shekara bakwai bayan ta Legas. Hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta jiha, wadda Barista Muhuyi Magaji Rimin Gado ya shugabanta a zamanin gwamnoni biyu, ita ma rigimar fili da bashi tana cikin abin da ake kai mata. A 2023 tarayya ta yi sabuwar dokar sasanci da ta maye gurbin ta 1988.

To me ɗalibin jami'a zai kawo wa mai unguwar da ya shekara talatin yana raba faɗa? Abu mafi amfani a karatun shi ne bambancin da Galtung ya yi tsakanin wurin da kawai ba a faɗa da wurin da ake adalci. Da wannan ma'auni za a ga raunin zaure. Sau da yawa mace ce ke zaune a cikin gida yayin da ake maganar gonar ubanta a waje, ɗan'uwanta ne bakinta, kuma shi ne ke riƙe da kasonta yana nomawa shekara da shekaru. In ta yi magana a ce, "Ki yi haƙuri, ai Yayanki ne." Haka marayan da baffansa ya riƙe masa gona, haka talakan da ya haɗu da mai kuɗi. An kashe wutar, amma mai rauni ne ya biya. Wannan ba sulhu ba ne ko a ma'aunin malaman fiƙihu, domin sun shardanta cewa sulhun da zai halatta haram bai inganta ba, kuma cin haƙƙin magada haram ne.

Rauni na biyu rashin rubutu ne. Iyakar da aka daidaita bana tana cikin kan dattawa huɗu ko biyar, in sun kwanta dama sai jikoki su sake tayar da ita. Ga kuma sabon matsi: birni yana tahowa ta hanyar Gwarzo, gonaki suna komawa fulotai, dillalai sun shigo, kuma kuɗin da ke kan kunya ɗaya yanzu ya isa ya raba 'yan uwa ciki ɗaya. Burtalin da shanu ke bi shi ma noma yana cinye shi. Shirin adalci da Birtaniya ta ɗauki nauyi daga 2010 zuwa 2017 ya horar da masu sarauta a Kano da Jigawa kan rubuta abin da aka sasanta da kiyaye haƙƙin mata, kuma tunani ne mai kyau. Amma aikin da ya dogara da kuɗin waje yakan tsaya ranar da kuɗin suka tsaya.

Jami'a ma tana da nata laifin. Ɗalibi zai iya kawo labarin Ruwanda da Afirka ta Kudu a takardar jarrabawa, ya ci maki, alhali bai taɓa tsayawa a bakin gona ya ga yadda ake bin layin gamba ba. Da Turanci aka koya masa, waɗanda zai yi wa aiki kuma da Hausa suke rigima, da Hausa suke shiryawa.

Gyaran bai fi ƙarfin kowa ba. Jami'ar Bayero da masarauta da ƙaramar hukumar Rimin Gado za su iya shirya gajeren kwas da Hausa da rani, lokacin da aikin gona ya lafa, wa masu unguwanni da dagatai da ardo-ardo da limamai, a haɗa da malamai mata na Islamiyya waɗanda su ne ke jin kukan da ba ya fitowa zaure. A ba kowane dagaci rajista da magatakarda. Ɗaliban shari'a da na zamantakewa da na tarihi kuma, masu neman abin da za su rubuta kundin kammala karatu a kai, a tura su Gulu da Tamawa da Karofin Yashi su zauna da dattawan, su rubuta iyakoki da burtalai da yadda ake sasantawa tun masu sanin suna raye.