ABIN DA KE ƘARƘASHIN RAWANI: DAGA ZAMFARA ZUWA PANJAB

Wannan makon zan ɗan jingine labarin soyayyar da muke ciki, in ja ku zuwa ga tarihi, domin akwai wata magana da ta daɗe tana cin raina.

Lokacin da fim ɗin Indiya mai suna Gadar ya fito a 2001, a wani gidan kallo na Ƙaura Namoda na fara ganinsa. Ana cikin kallo gardama ta ɓarke a bayana. Wani ya rantse cewa jarumin, wato Sunny Deol, malami ya fito, tunda ga gemu ga rawani. Wani ya ce a'a, basarake ne. Su duka biyun sun faɗi, domin direban babbar mota ya fito, kuma mabiyin addinin Sikh. To amma ban ga laifinsu ba. A ƙasarmu in ka ga rawani, ɗayan biyun nan ne zai fara zuwa maka a rai. Sai daga baya na gane cewa ko abin da ke ƙarƙashin rawanin nasu da namu ba ɗaya ba ne.

Namu dai babu komai a ƙarƙashinsa sai hula da ƙwal-kwabo. Kakana, Allah ya jiƙansa, malamin zaure ne a wani ƙauye na ƙasar Zurmi, kuma ban taɓa ganin gashin kansa ya kai tsawon ƙwayar shinkafa ba. Wanzaminsa kan zo da hantsi, zabira a kafaɗa, ya durƙusa ya ce, "Allah gafarta Malam, an tashi lahiya?" Sai a shimfiɗa tabarma. Kaka ya warware rawani a hankali ya naɗe shi a hannu, ya cire hula, ya sunkuya. Wanzami ya jiƙa kan da ruwa da sabulu, ya wasa aska a fata, ya fara daga ƙeya. In an gama kai sai a dawo gyaran fuska: a rage gashin baki sosai, a daidaita saje, a share wuya, amma gemu ba a taɓa tushensa, sai dai a tsince bakinsa. Wani lokaci Kaka kan sa wa furfurar lalle har ta yi ja. Ni kuwa ina tsugune ina kallo, har wanzamin ya ce, "Kai ɗan Malam, mi kaka kallo? Matso in yi maka naka." In ruga da gudu.

Abin da ya fi ba ni mamaki a lokacin shi ne, duk garin babu mai iya dafa kan Kaka ya juya shi yadda ya so sai wannan mutum. Haka abin yake har a fada, shi ya sa ake da sarautar Sarkin Aska.

Su kuwa mabiya Sikh aska ba ta hawa kansu. A 1699 shugabansu na goma, Guru Gobind Singh, ya tara su a garin Anandpur na ƙasar Panjab ya ɗora musu alamomi biyar. Biyu daga ciki na gashi ne: kada a yanke shi ko kaɗan, kuma a riƙe ɗan matajin katako. Saboda haka namiji kan tsefe gashinsa safe da yamma, ya shafa masa mai, ya murɗe shi ya ƙulle a tsakiyar ka, ya soke matajin a ciki, sannan ya naɗa rawani mai tsawon mita biyar ko fiye. Gemu ma haka. Wasu su sake shi ya sauka ƙirji, wasu kuma, musamman sojoji da ma'aikata, su shafa masa abin da zai kwantar da shi, su nannaɗe shi a zare zuwa ƙarƙashin haɓa, su ɗaure da ƙyalle na ɗan lokaci har ya zauna. Wato aikin da mu muke miƙa wa wanzami sau ɗaya a mako ko biyu, su kowa shi ke yi wa kansa kullum.

Yanzu bari mu dawo gida, mu koma baya shekara ɗari biyu da ɗoriya. Matasanmu da yawa ba su san cewa an taɓa yin zamanin da naɗa rawani laifi ne a wannan yanki ba. A lokacin Zamfara tana hannun Gobirawa, waɗanda suka ci Birnin Zamfara suka kafa Alƙalawa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kimanin shekara biyar yana yawon wa'azi a Zamfara, kuma jama'ar da ta bi shi ana gane ta ne da sutura: maza da rawani, mata da lulluɓi. Wajen 1788, da Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malamai a Magami ranar Babbar Sallah ya yi musu kyauta, Shehu bai karɓi dukiya ba, sai ya nemi abubuwa biyar. Ya nemi a bar shi ya yi kira, kada a hana kowa amsawa, a saki fursunoni, a sassauta wa talakawa haraji. Ɗayan kuma shi ne a mutunta duk mai rawani. Mai karatu ka duba fa, a jerin da ake maganar kurkuku da haraji, har ƙyallen kai ya samu gurbi.

Bawa ya amince. Amma da mulki ya zo hannun Nafata sai ya juya. Ya sa aka yi shela a kasuwa cewa ban da Shehu kada wanda ya ƙara wa'azi, wanda bai gaji Musulunci ba ya koma addinin iyayensa, kuma kada namiji ya naɗa rawani, kada mace ta yi lulluɓi. A ganina Nafata ba wawa ba ne. Ya lura cewa duk ranar kasuwa talakawa na iya ƙirga kawunan masu rawani, su ga yadda jama'ar Shehu ke ƙaruwa. Ƙidayar ce yake so ya hana. Bai daɗe ba ya rasu, ɗansa Yunfa ya hau, aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, yaƙi ya tashi. A 1808 Alƙalawa ta faɗi, kuma cikin jagororin rundunar da ta ci ta akwai Muhammadu Namoda, na Alibawan Zurmi, wanda Ƙaura take amsa sunansa har yau.

Mutanen Panjab su ma sun ga irin wannan, nasu ma ya fi muni. A ƙarni na 18 gwamnan Lahor, Zakariya Khan, ya sa lada a kan kawunansu, kuma da gashi ake gane su. A 1745 aka kama wani manomi, Bhai Taru Singh, ya ƙi yarda a yanke masa gashi, aka ɗaye masa fatar kai. A 1984, bayan masu gadin Indira Gandhi biyu 'yan Sikh sun harbe ta, an kashe dubbansu a Delhi, har wasu suka cire rawani suka aske don su tsira. A 2004 kuma Faransa ta hana alamomin addini a makarantun gwamnati, dokar ta haɗa hijabin 'yan matanmu da rawanin yaransu.

Inda hanya ta rabu shi ne nan. A Indiya ta wancan zamani rawani ado ne na manya, sai Gurunsu ya sauko da shi kan kowa, manomi da direba da firayim minista, kamar Manmohan Singh da ya mulki ƙasar daga 2004 zuwa 2014 da shuɗin rawaninsa. Mu kuma namu hawa ya yi. Abin da talakan Zamfara ya naɗa don ya nuna ya bar bin sarki, bayan jihadi sai ya zama shi ne sarautar kanta. Ba a cewa an zaɓi hakimi, sai an naɗa shi, in an kore shi kuma an tuɓe masa rawani. Aka shigo da ƙa'idoji: wa zai fitar da kunnuwa biyu, wa zai ja amawali ya rufe baki, wa zai sa harsa, wa zai sa baƙin ɗan Kura mai ƙyalli, irin wanda Buzaye ke saye da tsada. Malamai da limamai da tsofaffin fatake sun riƙe nasu, amma yau in saurayi marar sarauta ya naɗa ya fito, kafin ya kai bakin titi an tambaye shi wa ya naɗa shi.

Wanzami ma zamani bai bar shi ba. Jirgin ƙasa ya iso Ƙaura a 1929, ya kawo baƙi da kantuna da almakashi, daga baya aka samu shagunan aski na inji. Hula ta wadatar, gashi ya fara leƙowa ta ƙarƙashinta. Gemu ne ya sake samun kasuwa bayan Gwamna Ahmad Sani ya ƙaddamar da shari'a a Gusau a Oktoban 1999. Na san mutanen da a da kullum fuskarsu sumul take, cikin wata uku suka tara ƙasumba. Wasu don Allah suka yi, wasu kuwa Allah ya san dalilinsu.

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana shi ne halin da muke ciki. A hanyar Shinkafi ko ta Zurmi, in direba ya hango mutum a kan babur ya naɗe kai ya rufe fuska, ba malami ne ke zuwa masa a rai ba, ba kuma basarake ba. A 2021 gwamnati ta rufe kasuwannin mako saboda 'yan bindiga, wanzaman da ke shimfiɗa tabarma a kasuwar Shinkafi ranar Alhamis suka rasa wurin zama na wani lokaci. A watan Afrilun 2022 aka tuɓe rawanin Sarkin Zurmi bisa zargin alaƙa da 'yan bindiga. Wata uku bayan haka masarautar 'Yandoto ta naɗa wa Ado Aleru, wanda jami'an tsaro ke nema, rawanin Sarkin Fulani, har gwamnati ta dakatar da sarkin da ya yi naɗin.

Ƙauyen Kaka yanzu ba kowa a cikinsa, duk an dawo Ƙaura. Cikin kayan da aka kwaso akwai farin rawaninsa a ƙasan adaka, ya ɗan yi ja a wurin da yake taɓa gemu. Ran nan na ɗauko shi na tsaya gaban madubi, na yi ta juyi ya ƙi zama. Gwaggona tana daga bakin ƙofa tana dariya, ta ce, "Da wannan sumar taka? Tai ka yi aski tukuna."