Tsibirin Sent Helena: Waya ta iso tun 1899, amma don wa?

Yau tafiyar tamu mai nisa ce. Za mu je Sent Helena, wani ɗan tsibiri da ke ƙarƙashin Birtaniya a kudancin tekun Atlantika, kusan kilomita 1,900 daga gaɓar Afirka. Mutanensa ba su kai 5,000 ba.

A nan aka tsare Napoleon har ya mutu a watan Mayun 1821. Sai da aka yi kusan wata 2 kafin labarin ya kai Landan, domin jirgin ruwa ne kaɗai ɗan aike.

A 1899 aka jawo wayar tangaraho ta ƙarƙashin teku daga Cape Town zuwa tsibirin. Amma fa ku lura da shekarar. Lokacin ne Birtaniya ta shiga yaƙi da Turawan Boer a Afirka ta Kudu, tana buƙatar saƙo ya riƙa kai wa Landan da sauri. Wato tsibirin zango ne kawai a hanya.

Su kuwa mazauna, sai jira. Gidan rediyonsu bai fara aiki ba sai ranar Kirsimeti ta 1967. Talabijin sai 1995. Wayar salula kuwa, wallahi sai 2015! A lokacin, intanet ɗin tsibirin gaba ɗaya ta tauraron ɗan'adam take zuwa, ga tsada ga nawa. Ku yi tunanin ɗalibin da ke son karatu daga nesa, ko likitan da ke neman shawarar ƙwararre a waje.

To me ya canja? Tun wajen 2012 aka fara fafutukar cewa duk wayar intanet da za ta ratsa tekun nan, a yi mata reshe zuwa tsibirin. Aka yi ta bugun ƙofa. Daga ƙarshe Tarayyar Turai ta ba da kuɗi, aka jawo reshe daga wayar Equiano ta kamfanin Google. Ya sauka a gaɓar Rupert's a 2021, jama'a suka fara amfani da shi a 2023. Wayar nan ita ce dai ta sauka a Legas a 2022.

Abin da ya taɓa min zuciya shi ne sunan. Olaudah Equiano bawa ne da ya fanshi kansa ya yaƙi cinikin bayi. Kwarin Rupert's kuma a nan aka binne dubban 'yan Afirka da aka ƙwato daga jiragen bayi a ƙarni na 19.

Ni darasin da na ɗauka: waya na iya wucewa ta ƙofar gidanka ba ta shigo ba, sai in ka tashi ka nema. A garinku, wa ke bibiyar maganar sabis? Ku faɗa min a ƙasa.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.